Makarantar Kuɗi ta 'Yan Mata da Gamsuwar Iyaye

Makarantar sakandare ta 'yan mata zalla mai zaman kanta, wadda aka fi sabawa da kira makarantar kuɗi, ita ce wadda wani attajiri ko ƙungiyar addini ko tsohuwar malama ta kafa, take kuma tafiya da kuɗin da iyaye ke biya kowane zango. Tana karɓar yarinya tana 'yar shekara 11 ko 12, ta riƙe ta shekara shida, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. Wasu na kwana ne, wasu jeka-ka-dawo, wasu sun haɗa biyun. A Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Abuja irinsu sun yawaita, tun daga masu benaye da janareto da motocin ɗaukar ɗalibai har zuwa gidan haya da aka fasa bangon ɗakunansa aka mai da su azuzuwa. Iyaye ke zaɓa, su ke biya, su kuma ake tambaya ko sun gamsu. Amma mai kwana a ɗakin, mai zama a ajin, mai cin abincin, ita ce yarinyar. Akwai tazara tsakanin mai biya da mai zama, kuma ɗalibar da ke ciki, da yayan da ake aika ya kai ta, da matasan ma'auratan da 'yarsu ke dab da gama firamare, duk suna bukatar sanin faɗin wannan tazara.

Raba mata da maza wajen karatu daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta tsara 'yan taru, inda manyan mata ke zuwa su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan uwansu. Boko ne ya iso wa mata a makare. Sai a farkon shekarun 1930 Turawan mulki suka buɗe ƙananan makarantun mata a Kano da Katsina, akasari domin 'ya'yan gidan sarauta da na fadawa. 'Yan mishan suka kafa nasu, irin su Queen of Apostles a Kakuri ta Kaduna, da St. Louis ta Kano wadda 'yan zuhudu mata daga ƙasar Ayilan suka assasa bayan isowarsu birnin a 1948. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe Queen Elizabeth a Ilori a 1956. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun mishan, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. A wancan zamani makarantar gwamnati ce abin tunƙaho. Daga baya shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa maƙil, tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986 kuma ya mai da albashin malami abin tausayi. A cikin wannan giɓi makarantun kuɗi suka tsiro. Iyayen yau da yawa a makarantar gwamnati suka yi, sun ga lalacewarta da idonsu, don haka ma'auninsu na farko shi ne kada 'yarsu ta sha abin da suka sha. Ma'auni ne na gaskiya, sai dai gajere ne, domin makaranta na iya fin wadda uba ya yi nesa ba kusa ba, amma ba ta kai abin da ake biya ba.

In aka tambayi uba a arewacin Nijeriya dalilin da ya sa ya kai 'yarsa makarantar mata zalla, kafin ya ambaci lissafi ko kimiyya zai ce tarbiyya. Abin da yake nufi a bayyane yake. Yana so ta balaga nesa da idon samari, ta tsare salla a kan lokaci, ta saba da sutura, ta dawo hutu tana durƙusawa ta gaida manya. Makarantu da yawa sun gane haka, suka haɗa boko da Islamiyya da hadda, har ɗaliba ta yi saukar Alƙur'ani kafin ta rubuta jarrabawar fita. Iyaye Kirista ma abin da suke nema ke nan a makarantun coci: addu'ar safe, ladabi, tsari. A wannan fanni iyaye sun fi saurin gamsuwa, domin abu ne da ake gani da ido ranar farko da yarinya ta dawo gida. Bai kamata masu tasowa su raina wannan buri ba. A gidaje da dama, ba don makarantar ta mata ce zalla ba, da uba bai yarda 'yarsa ta wuce firamare ba, da dangi sun matsa a yi mata aure. Katangar da ɗaliba ke ƙorafi a kanta ita ce sau da yawa ta saya mata shekara shida na karatu.

Bayan tarbiyya, abu na biyu da iyaye ke dubawa shi ne tsaro, wanda a da ba ya cikin lissafi sosai. Sace ɗalibai mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, da 110 a Dapchi a Fabrairun 2018, da 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara a Fabrairun 2021, ya sauya tunanin iyaye game da makarantar kwana. Waɗannan makarantu duka na gwamnati ne, amma a Yulin 2021 an kwashi ɗalibai fiye da 100 daga wata makarantar coci mai zaman kanta a wajen garin Kaduna, aka gane cewa biyan kuɗi ba ya hana ɓarayin daji zuwa. Tun daga nan iyaye suka koma neman makaranta a cikin gari, mai doguwar katanga da masu gadi, wasu kuma suka haƙura da kwana gaba ɗaya suka zaɓi jeka-ka-dawo, ko da kuɗin adaidaita sahu zai cinye musu aljihu. Sai dai tsaro bai tsaya a bakin ƙofa ba. A farkon 2022 gwamnatin Kano ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su, bayan kisan wata ƙaramar yarinya da aka kama mai makarantarsu da laifinsa. Ya kamata a san wane ne ke da izinin ɗaukar ɗaliba daga makaranta, wa ke kwana kusa da ɗakunan ɗalibai, ko malami namiji na iya kiran ɗaliba ofis ita kaɗai, kuma in gobara ta tashi da dare a ɗakin da aka kulle daga waje aka sa wa tagoginsa ƙarfe, ta ina yara za su fita. Tambayar ƙarshen nan kusan ba a yin ta.

Sai sakamakon jarrabawa, inda hisabin ya fi rikitarwa. Domin shiga jami'a ana bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, a jarrabawar WAEC ko NECO, a zama ɗaya ko biyu. Kowace makarantar kuɗi ta san cewa wannan takarda ita ce tallarta, shi ya sa ake manna sakamako a allon sanarwa, ake buga shi a takardun talla. Iyaye na ganin jerin kiredit sai hankalinsu ya kwanta. Amma hanyoyin samun wannan jeri biyu ne. Akwai makarantar da ke koyarwa tun daga aji ɗaya, ta gama manhaja, ta sa yara su riƙe kwalaben gwaji da hannunsu a ɗakin kimiyya. Akwai kuma wadda ke karɓar wani kuɗi da ba a rubuta shi a rasit, ranar jarrabawa a rufe ƙofa a rubuta amsa a allo. Dokar ƙasa ta 1999 ta haramta maguɗin jarrabawa, WAEC na riƙe sakamako ko ta soke shi, tana kuma janye amincewarta daga makarantun da ta kama. Duk da haka ana yi, kuma abin takaici, wasu iyayen sun sani, har ma wannan ne ya kai su makarantar.

Ɗalibar da aka yi wa irin wannan gata ita ke biyan bashin. Tun daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a kwamfuta ake yin ta, kowa da allonsa, darasi huɗu, maki 400. Mai son karatun likita sai ta fuskanci Turanci da fizis da kemistiri da bayoloji ita kaɗai. Yarinyar da ta fito da kiredit tara amma ta kasa kawo rabin makin JAMB, sakamakonta na farko ya tona kansa. In ma ta lallaɓa ta shiga jami'a, shekarar farko na jiran ta. Saboda haka makin JAMB na ɗaliban makaranta, da inda tsofaffin ɗalibanta suke bayan shekara uku ko huɗu da fita, sun fi allon sanarwa faɗar gaskiya. Wata ɗabi'a da ke faranta wa iyaye rai ita ce tsallaken aji: a ɗauke yarinya daga aji biyar na firamare, a kuma sa ta rubuta jarrabawar fita tun tana aji biyu na babbar sakandare. Uba ya yi ta alfahari 'yarsa ta gama tana shekara 15, alhali mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a 16 ne, sai ta zauna a gida tana jira, karatun na zubewa.

Kuɗi kuwa shi ne inda gamsuwar iyaye ta fi yin rauni. Abin da ake biya ya kama daga dubban nairori a ƙananan makarantun unguwa zuwa miliyoyi a manyan na kwana. Ƙorafin iyaye ya fi yawa a kan abin da ke biyo bayan kuɗin makarantar: kuɗin fom, yunifom da ba a saye sai a kantin makaranta, littattafan da ake sauyawa duk shekara yadda ƙanwa ba za ta gaji na yayarta ba, kuɗin lesin, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin bikin yaye ɗalibai da ankonsa. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, makarantu sun yi ta ƙarin kuɗi, wani lokaci a tsakiyar shekara. Su ma suna da hujja, domin dizal da buhun shinkafa da haya duk sun tashi. Gidaje da yawa da adashe suke biya, ko uwa ta sayar da ɗan kunnenta na gwal, ko a kai tunkiya kasuwa, ba tare da an gaya wa yarinya ba. Ɗalibar da ta san haka za ta fahimci abin da ya sa fuskar Abba ke sauyawa in ta miƙa masa takardar kuɗin zango mai zuwa, za ta kuma rage neman abin da ƙawarta 'yar gidan masu hali ta zo da shi. Gasar akwati da kayan shayi da turare a ɗakin kwana na cikin abubuwan da ke ƙuntata wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma makarantar kirki takan ƙayyade abin da za a zo da shi domin ta kashe wannan gasa.

Akwai wata ɗabi'a ta ɗan Adam da ke shiga tsakani. Wanda ya kashe kuɗi masu nauyi a kan abu ba ya son jin aibinsa. Uban da ya bugi ƙirji a majalisa ya ce 'yarsa na makaranta kaza, da wuya ya dawo ya ce an cuce shi. Don haka yabon da iyaye ke yi wa makaranta, wani ɓangarensa yabon zaɓinsu ne. Matashin da ke neman shawara gara ya tambayi wanda 'yarsa ta gama ta fita, ko wanda ya cire tasa, domin su ba su da abin karewa.

Yawancin abin da iyaye suka sani game da makarantar kwana a ranar ziyara suke samun sa. Uwa ta tashi tun asuba ta dafa shinkafa da miyar kaza ta cika kula, a haɗa da gari da sukari da ƙuli-ƙuli da yaji da sabulu. A shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya. Yarinya ta fito da hijabin da ta goge tun daren jiya, ta durƙusa ta gaishe su. "Yaya karatu?" "Lafiya lau, Abba." "Ba wata matsala?" "Babu." Uwa ta dubi wuyanta ta ce, "Kin rame." Ta ce, "Gwaji muke yi, Umma." Ƙanne su cinye rabin kazar, a buga ƙararrawa da la'asar, kowa ya kama hanya. A ranar an share harabar tas, famfo na zuba, abincin ɗakin cin abinci ya fi na kullum mai. Iyaye ba su shiga ɗakin kwana ba, ba su leƙa banɗaki ba, domin galibi ba a bari. Su isa gida su ce wa maƙwabta makaranta sai hamdala.

Abin da "lafiya lau" ke rufewa yana da yawa. Malaman makarantun kuɗi da dama albashinsu bai kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba, wasu ba a biyan su lokacin hutu, don haka da sun sami wani aiki sai su tafi. Aji ɗaya na iya sauya malamin lissafi sau uku a shekara, ko a bar darasin fizis a hannun ɗan bautar ƙasa da zai tafi bayan wata goma sha ɗaya. Akwai zaluncin siniyoyi, masu sa ƙanana wanki da ɗebo ruwa, su kuma karɓe musu kayan shayi. Akwai al'adar uwar ɗaki da 'yar ɗaki, wadda takan zama kariya ga ƙaramar ɗaliba, takan kuma zama bauta. Akwai ƙarancin ruwa, wanda ga budurwa mai jinin al'ada ba ƙaramin tashin hankali ba ne, ga kunyar da ke hana ta gaya wa kowa audugarta ta ƙare. Akwai ɗakin shan magani da ba shi da komai sai farasitamol, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara da damina, sanƙarau kuma ke yawo da bazara a ɗakunan da aka cunkushe. Yarinya mai sikila ko asma tana bukatar a san da ita tun ranar farko, a kuma san asibitin da za a kai ta da tsakar dare.

Dalilan shirun ɗaliba sanannu ne. Tana tsoron a ce ta kai ƙara, siniyoyi su huce a kanta bayan iyaye sun tafi. Tana tausayin kuɗin da aka kashe. An kuma raine ta a kan cewa 'ya ta gari ba ta yawan ƙorafi. Kunya ado ce, amma wadda ta hana yarinya faɗin cewa wata uku ba a shiga ajinsu an koyar da kemistiri ba, ko wani malami na yi mata maganar da ba ta dace ba, ta zama cuta. Ya kamata ɗaliba ta bambance wahalar da ake jurewa da wadda ake faɗa. Tashin asuba, gabza maras daɗi, sharar harabar makaranta, kewar gida, duk ana jure su, suna ma gina mutum. Duka mai barin tabo, taɓa jiki, barazana, rashin lafiyar da aka ƙi kulawa da ita, darasin da babu malami, kuɗin da aka ce a kawo kada a gaya wa iyaye, waɗannan faɗa ake yi, da wuri. In nauyin Abba ya hana, akwai Umma, akwai Yaya, akwai Gwaggo ko Inna. Magana mai rana da suna da abin da ya faru ta fi "ni dai ba na son makarantar" tasiri, domin ta biyun iyaye kan ɗauke ta a matsayin shagwaɓa. Yayye kuma, waɗanda ba su daɗe da barin sakandare ba, sun fi iyaye sanin inda za su taɓa. Buɗe littafin rubutun ƙanwa a duba ranar ƙarshe da malami ya sa jan biro a ciki ya fi tambaya goma.

Ga matasan iyaye masu shirin zaɓa, gani ya kori ji. A je makarantar ranar Talata da hantsi ba tare da sanarwa ba, a nemi ganin aji ana cikin darasi, da banɗaki, da kicin, da ɗakin gwaje-gwaje. A tambaya ko tana da rajista da hukumar jiha mai kula da makarantu masu zaman kansu, da ko WAEC da NECO sun amince da ita a matsayin cibiyar jarrabawa, domin wadda ba ta da wannan amincewa takan kai ɗalibanta wata makarantar su rubuta da sunan can. A tambayi shekarun da malaman lissafi da Turanci suka yi a wurin, da ko suna da shaidar koyarwa ta NCE ko digirin ilimi da rajistar hukumar malamai ta ƙasa. A nemi jerin duk kuɗaɗen shekara a rubuce. Shugabar makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba da amsa. Taron iyaye da malamai ma, wanda da yawa ke aika direba ko su ƙi zuwa, shi ne kaɗai wurin da iyaye ke da murya ɗaya a gaban mai makaranta.

Game da ko raba mata da maza shi kansa na ƙara ƙoƙari, binciken masana bai goyi bayan tallar da ake yi ba. A 2014 wasu masana uku a Amurka, ciki har da Janet Hyde ta Jami'ar Wisconsin, sun tattara nazarce-nazarce 184 da suka shafi ɗalibai fiye da miliyan 1.6 a ƙasashe 21. Suka gano cewa in aka kwatanta yaran da suka fito daga gidaje masu hali iri ɗaya, bambancin sakamako tsakanin makarantar jinsi ɗaya da ta haɗaka kaɗan ne ƙwarai ko babu. Mafi yawan fifikon da ake gani daga malamai yake, da kayan aiki, da irin gidajen da ɗaliban suka fito. Wannan bai rushe amfanin makarantar mata a arewa ba, inda amfaninta ya fi ƙarfi ta wajen amincewar iyaye da sakewar yarinya. A can mace ce shugabar ɗalibai, mace ce ta ɗaya a lissafi, mace ce ke jan muhawara, ba wanda zai yi mata dariya don ta ɗaga hannu. Amma allon da aka rubuta "ta mata zalla" ba ya koyar da kowa komai.

In ta tabbata makaranta ba ta yi ba, lokacin sauyawa na da muhimmanci. Mafi sauƙi shi ne bayan jarrabawar aji uku na ƙaramar sakandare, kafin a raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya da na adabi da na kasuwanci. Sauyawa a ajin ƙarshe na da wuya, domin hukumomin jarrabawa na neman makin gwaje-gwajen ɗaliba na shekarun babbar sakandare, makarantu da yawa kuma ba sa karɓar sabuwar ɗaliba a wannan aji. Makarantar kuɗi ba ita kaɗai ce mafita ba. Kwalejojin 'yan mata na gwamnatin tarayya, irin na Minjibir da Bakori da Kazaure da Zariya, da makarantun kimiyya na mata na jihohi irin su Kano da Jigawa, ana shigar su ta jarrabawa, kuɗinsu bai kai na masu zaman kansu ba, kuma sun yaye likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa.

Bayan shekara shida ɗaliba za ta fita zuwa jami'a ko kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya, inda galibi maza da mata ke zama a zaure ɗaya, babu ƙararrawar tashi, babu mai duba ko ta yi salla ko ta shiga aji. Wasu 'yan makarantar mata kan shiga wannan sabon yanayi da ƙarfin gwiwa, saboda sun saba riƙe shugabanci da magana a gaban jama'a. Wasu kan rikice, musamman waɗanda aka tsare da tsoro kawai ba a taɓa yi musu bayanin dalilin dokokin ba. Shi ya sa wasu makarantu ke fitar da ɗaliban manyan azuzuwa zuwa gasar muhawara da kacici-kacici da musabaƙar Alƙur'ani tare da sauran makarantu, suna kuma gayyato tsofaffin ɗalibansu da ke jami'a su zo su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin cike fom ɗin JAMB, da zaɓen kwas, da zaman hostel, da yadda ake mu'amala da malamai da abokan karatu maza.